Kofi Biyu a Gaban Dutsen Fuji

Shekara uku na yi ina kula da wata tsohuwa 'yar Japan a garin College Park, can ƙasar waje. Mama nake ce mata. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta magani. Sai dai ni ba mai zama wuri ɗaya ba ce. In ta yi gyangyaɗi sai in yi ta zarya tsakanin kicin da taga, ina duba waya ko an kira daga Kano.

A falonta akwai hoton Fuji, dutsen ƙasarsu da aka ce a da yana aman wuta. Duk ƙarshen Fabrairu suna da ranar girmama shi. A shekarata ta farko ta ce in dafa koren shayi kofi biyu, in ajiye ɗaya a ɗan teburin da ke ƙarƙashin hoton.

Ni 'yar gidan malamai, in kai wa dutse shayi? Na ce hannuna ke ciwo. Ƙarya ce, kuma ta gane. Ta dogara sandarta ta kai da kanta, rabi ya zube a kafet. Ranar na goge kicin sau biyu, na fita bakin titi na dawo, ina ta saƙa ko in ajiye aikin.

Da shekara ta zagayo na fito mata fili. Na ce, "Mama, addinina ya hana ni bauta wa dutse."

Ta yi dariya har da tari. "Wa ya ce miki na dutse ne? Naki ne. Mijina ke zama a kujerar nan mu sha tare, muna kallon hoton, muna tuna gida. Tun da ya rasu ba wanda ya zauna."

Kunya ta rufe ni. Ashe bara tayin zama ta yi mini, na bar ta ta sha ita kaɗai. Na zauna. Amma hali ba ya ɓuya: shayin ɗaci, babu sukari, na kurɓa sau biyu na miƙe wai zan duba wanki. Ta bi ni da kallo.

A shekara ta uku mantuwa ta ci ƙarfinta, har sunana ya ɓace mata. Ni na tuna ranar. Na dafa shayin, na tura ta a keken guragu zuwa gaban hoton, na zauna a kujerar mijinta.

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta juyo. "Dutsen garinku ne?"

Dala ya faɗo mini a rai, da rufin gidanmu da ake hangowa daga samansa. Na ce, "Naki ne, Mama."

Ta ce, "Yana da kyau."

Wayata ta yi ta ƙara a kicin. Ban tashi ba sai da na shanye kofin nan tas, har guntun ganyen da ya kwanta a ƙasa.