Ashe ba ni ce 'yar fari ba

Ina da shekara tara muna zaune a unguwar Sabo ta Ibadan, a wani gidan haya kusa da rumfar da ake ɗaurin huhun goro. Ni ce babba a ɗakinmu, sai ƙannena biyu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a lokacin shi ne Inna ba ta yi mini alkunya. Ƙawayena 'yan fari, uwayensu ko da wasa ba sa kama sunansu, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ni kuwa Inna tana bakin tanda za ta rangaɗa nawa, har 'yan dako a waje su ji, wai in zo in ɗauki tallan waina zuwa Mokola.

Rannan na gaji, na kai ƙara wurin tsohuwar da ke karɓar haihuwa a layinmu. Na same ta tana gurza goro a magogi, don haƙoranta sun ƙare.

"Iya, me ya sa Inna ba ta jin kunyata? Ba ni ce 'yar fari ba?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Ke? Wa ya gaya miki? Ai ke ce ta shida."

Na ɗauka zolaya ce. Sai ta fara lanƙwasa yatsu. Na fari namiji ne, ƙyanda ta ɗauke shi yana koyon tafiya. Ta biyu ko suna ba ta kai ba, cibiya ce ta rube. Sai tagwaye, a damina ɗaya. Na biyar tarin shiƙa. Tana faɗa tana tauna goronta, kamar mai ba da labarin kasuwa. Ba ta tsaya nan ba, ta shiga nuna ƙofofin layinmu da haɓa: wannan ta binne uku, waccan huɗu, Bayarabiyar da ke sayar mana da manja bakwai ta haifa, biyu suka tsaya.

Sau nawa nake ganin maza biyu ko uku sun fita da ƙaramar tabarma a naɗe a hannu, ba hayaniya, ina tsammanin kaya ne!

Na ruga gida. Inna tana juya waina.

"Inna, da gaske akwai biyar kafin ni?"

Ba ta ɗago ba. "Wanda ya ba da su ya karɓi abinsa."

"Na farin, yaya sunansa?"

Hannunta ya tsaya, har wainar ta fara ƙonewa. Ta waiga ko akwai mai ji, sannan ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ke, ba ki da ta ido? Ya za a yi in kama sunan ɗan fari?"

Shekararsa goma sha bakwai ke nan a ƙasa.