Gwai Ma a Shagon Jakunkuna

Bayan rasuwar ƙanena na koma Dubai ni kaɗai, zama ya gagare ni. Ɗakin da muke kamawa a unguwar Muraqqabat ya yi mini faɗi. Da na idar da sallar asuba sai in fita, in yi ta zagaya kasuwannin Deira ba tare da na sayi ko allura ba.

Layi ɗaya nake kauce wa, a Al Buteen. Can ne shagon wata dattijuwa 'yar Sin, daga Guangzhou, wadda muke sarin jakunkuna a wurinta. Ƙanena ya haura arba'in, da iyalinsa, amma da ya shiga shagonta sai ya koma yaro. Ya ɓoye mata tabarau a cikin jaka, ko ya tsaya bayanta yana kwaikwayon yadda take faɗa a waya. Ita kuma ta bi shi da mafici tana cewa, "Gwai ma! Gwai ma!" Ta ce a yarensu na Kantonanci haka suke kiran mutum mai tsokana da shiririta. Ni a lokacin kunya abin yake ba ni.

Duk wanda ya san shi ya yi mini ta'aziyya, daga Kano har 'yan kago na nan, masu aika mana kaya gida. Ita kaɗai ce ba ta ji ba. A shagon nan yana da rai, ana jiran ya zo ya yi ɓarna. Ban so in taɓa wannan ba.

Ranar da ta kama ni, ina tsallaka titi ne. Ta ɗaga murya da guntun Turancinta: "Alhaji! Ina gwai ma? Ya gudu? Ka ce masa na sayi sabon mafici, mai ƙarfi!"

Na ce, "To, Mama."

Na wuce har bakin ruwa. Na juyo, na kai ƙofarta, na sake wucewa. Da na dawo sai na shiga, na faɗa mata a tsaye, ban kalle ta ba.

Ta kashe rediyo. Ta tambaye ni yadda muke yi wa mamaci. Na ɗaga tafin hannuwana, ita ma ta ɗaga nata, tana duban nawa don kada ta yi kuskure.

Da na fito ban koma ɗaki ba. Na hau kwalekwale zuwa Bur Dubai, tsallaken ruwa, ban sauka ba, ya dawo da ni.