Na Raka Baba Bin Kogin Mariga

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Gwari, ni da mahaifina da jakinmu. Idon Baba ya fara hazo, ya ce yana so ya ga tsaunin da aka haife shi kafin ganin ya ƙare. Tun da Turawa suka sauko da mutanen garin su Baba daga kan dutse bai koma ba.

Hanya ɗaya ya sani, a bi gaɓar Mariga a nufi inda ruwa ke fitowa. A nan ƙasa kogin faffaɗa ne, yana tafe a natse cikin yashi, kurmi ya yi masa rumfa. Mun wuce masu wankin zinariya da ƙorensu, da leburori suna saran hanyar mota. Wata Bafulatana ta sayar mana da kindirmo na kwabo, saura kaɗan jaki ya riga mu sha.

Da muka yi arewa sai kogin ya sake hali. Ya tsuke, ya shiga tsakanin duwatsu yana kumfa, rafuka na faɗo masa dama da hagu. A wani mashigi na ga ruwa iya gwiwa, zan kora jaki, Baba ya riƙe ni.

"Dakata. Ba ka jin wannan rugugin?"

Sama garau take, ashe can kan tsauni aka yi ruwa. Muna hawa tudu jan ruwa ya iso, ɗauke da itatuwa har saiwarsu. Wani Bagwari ya sauke mu, matarsa ta cika mu da gasasshiyar doya har ruwan ya janye.

Daga nan muka bi wani rafi mai ciyar da kogin, har kufan garin su Baba. Ruwan na tsattsafowa ne daga tsagin dutse, ana iya tare shi da tafi.

"Me kake gani?" in ji Baba.

Na ce kuka biyu, da rusasshiyar ganuwar duwatsu. Ya durƙusa ya sha, ya yi alwala, ya daɗe hannunsa na ciki.

"Sanyinsa yana nan," ya ce.

Mun dawo gida lafiya, hanya duk gangara. Yanzu in na ga Mariga shimfiɗe yana gangarawa ya haɗu da kogin Kaduna, ƙanƙantar farkonsa nake tunawa. Na kuma gane buƙatar tsoho ba a ɗaga ta zuwa rani. Muna shiga zaure Baba ya miƙo hannu in nuna masa ƙofa.