Zulfa da Ƙwan Zabinta

Ƙanwata Zulfa ta gama digiri na biyu jiya, kuma da ƙwan zabi ta gama shi. Mai son dariya a ƙauyenmu na gefen Minjibir ya yi abarsa, ni dai yau ko ƙasa ba na jin ina takawa.

Ni ce babba, Raihana. Firamare ma da ƙyar na kai ƙarshe, amma ni na goyi yarinyar nan, na san halinta. Tun tana ƙarama ba ta ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Baba ya shuka gero, washegari ta bi layi tana tonewa wai ta ga ko ya fara motsi. Ya yi faɗa har ya gaji.

Bara da damina ta sauka gidana daga jami'arsu ta Kano, da kular ƙanƙara da 'yan kwalabe. Ta ce bincikenta a kan ɗan zabo ne tun yana cikin ƙwai. Na ce, "Me za ki gani ban da gwaiduwa?" Ta ce akwai wasu mitsi-mitsin abubuwa a jikin halitta, ido ba ya ganinsu, sunansu maikro-RNA. Su ne ke tsayar da wani aikin jiki in lokacinsa bai yi ba, ko ya wuce. Wasu suna yawa sa'ad da zuciya ta fara bugawa, can sai su ragu, wasu su taso sa'ad da gashi ke fitowa. Shi ya sa dole ta fasa ƙwan kashi-kashi: na farkon kwanci, na tsakiya, da na dab da ƙyanƙyasa. In kashi ɗaya ya lalace aikin ya tashi, sai wata daminar, don zabinmu ba sa ƙwai da rani.

To kowa ya san zabuwa ba ta zaman kwanci, kaza ake zuba wa. Kajina kuwa ciwo ya kwashe su. Sai na aro kaza mai kwanci wajen maƙwabciyata, Gwaggo Aina'u. A garinmu in ka ari kaza haka, ba sai an faɗa ba, mai kaza tana da rabonta cikin 'ya'yan. Ni a raina na riga na gama, agwagwata tana kan ƙwai, in ta ƙyanƙyashe sai in biya Gwaggo da 'ya'yanta.

Kashin farko da na tsakiya sun tafi Kano lafiya. Saura na ƙarshe. Ranar nan da hantsi Gwaggo ta shigo aron rariya, ta leƙa akurki ta ga ƙwai ya ragu, ga ɓawo a kwano, ga Zulfa tana wanke safar hannu.

"Innalillahi! Ke Zulfa, boko ne wannan ko tsafi? Rabona kike fasawa?"

"Gwaggo ki zauna in yi miki bayani."

"Bayanin me? Ƙwai ya yi jini ki fasa, ba ki ci ba, ba ki bari ya fito ba?"

Na ce, "Gwaggo, zan ba ki 'yan agwagwa a madadinsu."

"Agwagwa? Ce miki aka yi na haƙa tafki a tsakar gida?"

Ta sunkuya ta finciko kazarta ta fuka-fuki, kaza na ihu tana ihu, suka fice. Ƙwai ya rage a fili yana hucewa. Zulfa ta tsugunna ta rufe su da mayafinta, hawaye na zuba, ta ce, "Yaya, shekara guda ta tafi."

Na ce ba inda za ta. Na nufi bayan rumbu na ɗaga agwagwar nan, ta cafke ni a hannu, har yau da tabo. Na kwashe nata ƙwan na jera mata na zabin. Maigidana Sama'ilu ya ce, "Raihana, kin kashe 'yan agwagwa saboda ƙwan da fasawa za a yi?" Na ce, "Malam, agwagwar tawa ce, ƙanwar ma tawa ce." Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona.

Agwagwa ta yi huci, ta zagaya, ta zagaya, can ta kwanta. Zulfa ta ce dole ta gaya wa malaminta an canja uwa a tsakiya, in ya ƙi karɓa shi ke nan. Na ce gaya masa, ba sata muka yi ba. Bayan kwana biyu ta haska tocila a jikin ƙwai ɗaya ta ce in duba. Wallahi na ga abu yana motsi a ciki.

Kafin sati gari ya ɗauka wai 'yar gidan Ɗan Iya, wato babanmu, tana kai wa bokaye jinin ƙwai a Kano. Ran da za ta tafi da kashin ƙarshe, ni na ɗauki kular a ka, na ƙi bin bayan gari, na ratsa ta tsakiyar kasuwa har tasha. Duk wanda ya kalle ni sai in ce, "Ƙwan ne a ciki, ko za ka leƙa?"

Malamin ya karɓa, ya ce ta rubuta yadda abin ya faru duka, har da agwagwar. Jiya bayan la'asar ta bugo, ta ce, "Yaya, na ci." Ban tsaya neman takalmi ba. Na fita ƙofar gida, na juya saitin katangar Gwaggo Aina'u, na rangaɗa guɗa har sai da muryata ta dishe.