Rabin Tumatirin Baba

A shekarun da dokar hana fita take rufe Potiskum tun kafin magariba, mu yaran gidanmu a Dogo Tebo ba mu da wurin zuwa sai gindin murhun Kaka. Tuwo ne kullum da miyar kuka tsura, alhali ga rabin gwangwanin tumatir a gindin randa, ba mai ikon taɓawa.

Baba ne ya sayo shi. Mama ta yi miyar rana da rabi, ya ce a ajiye sauran a yi masa dafa-duka da yamma. Ya fita da keke napep ɗinsa, aka yi harbe-harbe a hanyar kasuwa, bai dawo ba. Babu inda ba a duba ba.

Tun daga ranar, kowace yamma Kaka, mahaifiyarsa, sai ta tsiyaya man gyaɗa a saman tumatirin don kada ya yi fumfuna, mu kuwa ko ɗigon mai ba mu gani a miya. Sannan ta zauna ta ce, "Ku matso, jikokina, ga ta nan, ga ta nanku."

Tatsuniyar ɗaya ce: wata tsohuwa da Dodo ya sace ɗanta. Ta ɗora tukunyar jan miya, ƙamshi ya shiga daji yana nemansa. Muddin miyar ba ta lalace ba, yaron zai biyo ƙamshin har gida. A nan Kaka take tsayawa.

"Kaka, ya iso?"

"Yana tafe. Ku kwanta."

Na tsani wannan gwangwanin. Yunwa nake ji, Babana nake so, kuma na rasa wanne zan yi wa kuka.

Wata yamma na iske Kaka tana kankare fumfuna da tsinke. Ta kankare, ta kankare, har ta kai ƙasan gwangwanin. Abin da ya rage bai cika cokali ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa wa Mama.

"Sa wa yaran nan a miya."

Ranar ba ta yi tatsuniya ba, ba ta kuma sake yi ba.

Yanzu ina da nawa murhun. Na gane ba mu take lallashi da tatsuniyar ba, kanta ne. Har yau idan na buɗe gwangwani, sai na juye shi duka a tukunya. 'Yata tana cewa ɓarna nake yi. Ban iya ajiye wa kowa rabi ba.