Ƙyalle Biyu a Gaban Malam Bukar

Ban taɓa mantawa da ranar da wani dattijo ya taso tun daga Guri don ya kai ƙarata ba. Lokacin ina shekara ta uku da zama babbar jami'ar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejinmu da ke Haɗeja. Ga wanda bai san aikin ba, malamai ke koyarwa, mu kuma ɗakin ne a hannunmu: sinadarai, tukwanen gas, da lafiyar duk wanda ya shigo.

A zangon damina ne, ɗaliban ajin ƙarshe suna binciken ruwan fadama, kullum sai sun tafasa shi a kan murhun gas. Wata Talata na ga ɗaya daga cikinsu, Falmata, ta sunkuya za ta ɗauki kwalba, bakin hijabinta ya gifta ta gefen wuta, tazarar ba ta kai yatsa biyu ba. Ita ba ta ma sani ba. Washegari na manna doka a ƙofa: ba mai kunna wuta da dogon hijabin roba, sai gajere na auduga, a cusa shi cikin farar rigar aiki.

Kafin Juma'a magana ta canza a gari, wai na hana 'yan mata sa hijabi. Ni da nake yawo da nawa.

Ranar Litinin shugaban sashenmu ya aiko a kira ni. Na tarar da mahaifin Falmata, Malam Bukar, a zaune. Da ƙyar ya amsa gaisuwata.

Shugaban ya ce, "Hajiya, ko za ki janye dokar nan har ƙura ta lafa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an janye ta, sai dai in miƙa maka makullin ɗakin. Amma ka bar ni in nuna wa Baba abu ɗaya tukuna."

Muka shiga ɗakin gwaji mu uku. Na ɗauko ƙyallen auduga, na kuma yanko wani daga bakin hijabin da ke jikina, wanda na roba ne. Na kama na audugar da awartaki na kai shi wuta. Ya ci, ya zama toka. Na robar kuwa ya ƙanƙance nan take, ya narke, yana ɗiga baƙi ƙirin a kan faranti. Da ya huce na ce Malam Bukar ya gwada ɓamɓare shi. Ya sa farce, ya kasa.

Na ce, "Baba, duka biyun suna ci, amma wannan haka yake kama fatar mutum."

Ya daɗe yana kallon farantin. Can ya ce, "Bandar kifi ce sana'ata, 'yar nan. Na san wuta, amma wannan ban san shi ba. Matan gidana da irinsa suke tsayawa a gaban murhu." Ya gyara hularsa. "Wane yadi kika ce a saya?"

Dokar tana nan har yau, kuma ina alfahari da ban ja da baya ba. Sai dai na gane nawa kuskuren: takarda na manna, ban nuna wa kowa komai ba. Mutanenmu ba sa wasa da ran 'ya'yansu, abin da ba sa so shi ne a yanke musu hukunci ba bayani. Shi ya sa ku sabbin jami'an ɗakin gwaji da kuka fara aiki bana, duk ajin da aka ba ku, kafin ku buɗe kwalba ko ɗaya, ku fara ƙona musu ƙyalle biyu.