Inna Mai Shanyar Yara

Ƙarfe tara da rabi na kowace safiya, in kekunan ɗinki sun kaure da kuka a hawa na biyu, sai Inna ta tamke zaninta. Ta goya yaro ɗaya, ta saɓa ɗaya a kafaɗa, masu ƙafa su riƙo mata gefen zani, a kama hawa. Matakala arba'in da biyu ce daga ɗakin raino zuwa saman benen kamfanin ɗinkin. Can za ta zaunar da su kan tabarma, ta naɗe musu hannun riga da ƙafar wando, ta bar wa mai shara amanarsu, ta sauko ta ɗebi wasu. Sawu uku, wata rana huɗu. Shekara ashirin da shida tana haka, a makon nan ta ajiye aiki.

Ɗakin rainon a ƙarƙashin ginin yake, ba taga, sai ƙwan lantarki. Mata ma'aikata kan kawo 'ya'yansu rana ba ta gama fitowa ba, su ɗauke su bayan ta faɗi. Ba wanda ya ga aibun haka. Mu dai a saninmu, raino mai kyau shi ne a ɓoye yaro daga rana.

Ita ma Inna haka ta ɗauka, har autar mai guga ta cika shekara biyu ba ta tafiya. Da an tsayar da ita sai kuka, ƙafafun sun lanƙwashe kamar baka. Inna ce ta raka uwar asibiti. Likita ya matsa ƙashin yarinyar, ya ɗago kai.

"Sau nawa ake fitar da ita rana?"

Uwar ta dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

"Akwai abin da ake kira bitamin D," in ji likita. "Fata ke yin sa in rana ta taɓa ta. In babu shi, ƙashi ba ya ƙwari. Ga magani ku riƙa ɗiga mata, ku kuma riƙa kai ta hantsi. In ba a ga sauyi ba, sai an yi mata aiki."

Tun tana wata uku yarinyar ke hannun Inna. Ba wanda ya ɗora mata laifi, ita ta ɗora wa kanta, kuma abin ya ci ta ƙwarai. Washegari ta goya Auta ta hau sama. Bayan kwana uku ta soma haɗawa da sauran yaran.

Manaja ya tare ta a matakala, ransa a ɓace. "Haba Inna! Yara a saman bene? In wani ya faɗo fa?"

"Ranka ya daɗe, a sa mana shinge," ta ce. "In kuma sallamata za a yi, a bari yarinyar nan ta taka tukuna."

Ya yi ta faɗa har ya gaji. Kafin mako ya ƙare an sa shingen.

Masu ɗinki kuwa suka samu abin tsokana, suka laƙa mata Mai Shanyar Yara. "Inna, shanyar ta bushe?" Sai ta ce, "Saura ke, hau in juya ki." Ba ta da agogo, inuwar tankin ruwa ce agogonta. Da ta taɓa bakin tabarma sai a kwashe yara, tun rana ba ta yi zafi ba. Jarirai kuwa a inuwa take ajiye su, yadda likita ya ce.

A wata na takwas Auta ta saki shingen, ta yi taku biyar ta faɗa jikin Inna. Mai shara ta ce ranar ta fara ganin hawayen matar nan. Kafin Auta ta shiga makaranta ƙafafun sun miƙe sambal, wuƙar likita ba ta taɓa su ba.

Inna, ke ce uwar da ba ta haifa ba amma ta goya. Ke ce kika ga kuskure kika gyara shi da gwiwoyinki. Yaran da kika shanya suna tafiya a miƙe, ke kuwa yau sai da sanda.

Ranar sallama ta ce tana so ta leƙa saman benen ko sau ɗaya. Ta ɗora ƙafa a matakalar farko, gwiwa ta ƙi. Sai wata matashiya ta fito daga cikin masu ɗinki, ta durƙusa a gabanta ta juya mata baya. Auta ce.

"Hau, Inna."

"Ke, rufa mini asiri, ina da nauyi."

"Ni ma da nauyina kika hau da ni."

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri. Wanda ke da yaro ko tsoho a ɗaki mai duhu, gobe da hantsi ya fito da shi. Mu da muka tsaya a ƙasa ranar, da baki muka ƙirga matakalar, arba'in da biyu cif, Auta ba ta huta ba ko sau ɗaya.